Baƙon Ikko

Hayaniyar ce ta riga mutanen shiga caji ofis. Insifekta Jibo yana zaune yana fama da rahoton wani rikicin iyakar gona, sai ya ji harabar ta cika da murya kamar ranar kasuwa. Ya ajiye biro ya fito.

Manoma ne tsibi guda, daga ƙauyukan Dandume da Bakori, sun jingine baburansu ko'ina. A tsakiyarsu akwai wata matashiyar mata cikin baƙin hijabi, idanunta a kumbure. Mutum biyu kuma suna riƙe da wani dattijo da aka yaga wa riga a wuya.

"Ku sake shi," in ji Insifekta. "Nan ba dandali ba ne. Wa ke da ƙara?"

"Ni ce, yallaɓai," matar ta ce. "Sunana Folasade. An sace na'urar ƙungiya a shagon babana."

"Ƙarya take yi!" wani dogon manomi mai suna Ɗanasabe ya daka tsawa. "Ubanta ya cinye mana kuɗi ya mutu, ita kuma ta ɓoye akwatin!"

Mutumin da ake jifa da wannan magana, shekaranjiya aka yi sadakar ukunsa. Alhaji Quadri ke nan, wanda Funtua ta mayar da sunansa Kadiri tun yana yaro. Bayarabe ne haifaffen garin, mai shagon iri da maganin feshi, kuma ma'ajin ƙungiyar manoman waken suya shekara da shekaru. Ba a taɓa jin ya ci ko kwabon wani ba. Amma ga shi ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, waɗanda suka bi gawarsa suna kiransa ɓarawo a gaban 'yarsa. Kai, mutane ba kunya!

"Wa ya gaya maka ya ci?" Insifekta ya tambayi Ɗanasabe.

"Gari duk ya ɗauka."

"Ni ban san wani mutum mai suna Gari ba. Matsa can."

Ana cikin haka sai ga wani dattijo cikin farar shadda ya ratso taron, carbi a hannu. Manoman suka buɗa masa hanya. Alhaji Maharazu ne, shugaban ƙungiyar, kuma aminin marigayin tun suna makarantar firamare.

"Yallaɓai," ya ce da murya mai sanyi, "ina roƙon a bar maganar nan a gida. Wanda ya tafi ya riga ya tafi. A rufa masa asiri."

Insifekta ya dube shi daga sama har ƙasa. "Wane asirin, Alhaji? An kama shi da wani abu ne?"

"A'a, a'a. Magana ce kawai."

"To a bar ni in yi aikina."

Ya sa Kofur Barakatu ta shigar da Folasade ofis, aka kai dattijon nan mai yagaggiyar riga bayan kanta don kada a ƙarasa shi.

"Malama, yi mini bayani yadda zan gane," Insifekta ya ce. "Ni ɗan manomi ne, ba ɗan kwamfuta ba."

Folasade ta share ido da gefen hijabi. "Akwati ne ɗan ƙarami, bai kai kwanon sha ba. Tun da aka taɓa tare motar ƙungiya a hanya aka kwashe kuɗin kaka, muka koma karɓar kuɗin intanet da ake kira kirifto. Akwatin ke riƙe da su. Dare da rana yana kunne, yana haɗe da wasu na'urori irinsa a wasu garuruwa. Maƙwabta muke ce musu. Aikina kullum da safe in duba a waya in ga wane maƙwabci ne yake nan, wanne ya sauka, sannan in duba lafiyar hanyoyin biyan da ke tsakaninmu."

"To me ya faru?"

"Babbar hanyarmu da wani mai saye ce, ya sa wa na'urarsa suna Baƙon Ikko, wai daga Legas yake. Shi ya saye waken bana kusan duka. Duk motar da aka loda masa sai ya turo kuɗin ta hanyar. A kowane biya, na'urarmu da tasa su sa hannu a sabuwar yarjejeniya, ta baya ta mutu. To ranar da aka binne Baba, sai ya rufe hanyar da yarjejeniyar farko, ta lokacin da bai biya ko sisi ba."

"Wato ya kwashe waken, ya janye kuɗin."

"Yana ƙoƙari dai. Tsarin yana ba mu wa'adin mako guda. In na'urarmu ta hau ta nuna sabuwar yarjejeniya, an kama shi ke nan, duk abin da ke hanyar ya dawo mana har da nasa. In ba ta hau ba, shi ke nan. Saura kwana uku."

"Ba ki da wata shaidar a waya?"

"Shaidar da ke ƙaryata shi a cikin akwatin kaɗai take. Ni kuma tun rasuwar ban taɓa waya ba sai jiya." Ta ɗago ta dube shi. "Yallaɓai, in kuɗin nan suka tafi, har abada a garin nan babana ɓarawo ne. Ba wanda zai yarda da maganar wata hanya da bai taɓa gani da ido ba."

"Kin taɓa ganin Baƙon Ikkon?"

"Ban taɓa ba. Shugabannin ƙungiya ne suka ƙulla cinikin ta waya."

Insifekta ya ɗauki hularsa. "Mu je shagon."

Shagon yana layin masu kayan noma, ƙofar ƙarfe da ƙaton kwaɗo. Insifekta ya juya kwaɗon a hannu. Ba karce, ba alamar guduma.

A ciki, kwamfutar tafi-da-gidanka tana kan tebur. Baturan sola guda biyu suna nan daram. Kofur Barakatu ta ja aljihun tebur, ga kuɗin ciniki ba a taɓa ba. A kan wani ɗan katako kusa da bango sai alamar inda akwatin ya zauna, da wayarsa an zare ta a hankali an ajiye gefe.

"Ɓarawon nan ɗan gayu ne," in ji Kofur. "Ya bar baturi ya ɗauki abin da ko a bola mai jari ba zai kalla ba."

"Ya san abin da ya zo nema. Malama, makulli nawa ne?"

"Biyu. Nawa yana jakata. Ɗayan kullum yana aljihun Baba."

Suka koma ofis, aka fito da dattijon. Ɗanjuma sunansa, mai gadin layin. Bamaguje ne daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, yana nan kan addinin iyayensa. Leɓensa ya fashe. Da abu ya ɓace, shi aka fara damƙa, don an san ba shi da mai tsaya masa. Wannan ɗabi'a ta daɗe tana ɓata wa Insifekta rai.

"Baba, ranar jana'iza kana ina?"

"Ina bakin aikina, yallaɓai. Ko nan da can ban gusa ba."

"Madalla. Ranar duk layin an rufe an tafi. Kai kaɗai ka rage. To ka ga wanda ya buɗe shagon."

"Ban ga kowa ba."

"Haba Baba. Ko dai ka gani, ko kai ne. Wanne zan rubuta?"

Ɗanjuma ya sunkuyar da kai. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Na yi ƙarya, yallaɓai. Na bar wurin. Gawar na bi."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Mai gadi ya bar gadi, mi za ya ce? Ni ba na shiga sahu, sai na tsaya bayan katangar maƙabarta har aka gama. Lokacin da matata Lami ta kwanta asibiti, Alhaji Kadiri ne ya tsaya mana kamar ɗan uwa. In zauna ina gadin ƙofa ana binne shi? Ban iya ba."

"Daga inda ka tsaya, ka ga wanda ya zo a makare?"

"Wata mota ta zo ana cikin zuba ƙasa. Ban gane ta wa ba ce, idona ya cika da hawaye."

Insifekta ya sa aka kawo masa ruwa, ya ce a sallame shi ta ƙofar baya. Yanzu dai ya san lokacin satar. An bari sai da gari ya ɗauki mamacin a kafaɗa, sannan aka shiga shagonsa.

Washegari da safe Folasade ta dawo da wayarta. Manhajar da take sa ido da ita tana ajiye tarihin kowane maƙwabci, kore in yana nan, ja in ya sauka.

"Wannan layin shi ne Baƙon Ikko," ta nuna. "Ba shi da zama wuri ɗaya. Da magariba sai ya sauka, da safe ya hau. Ranar Juma'a da rana ma ya sauka. Na ɗauka matsalar wutar Legas ce."

Insifekta ya ƙura wa layin ido. A tsakiya akwai wani dogon ja.

"Wannan fa?"

"Watan jiya ne. Ya ɓace kwanaki, har na damu."

"Watan jiya yaushe? Ba lokacin da iskar nan ta yaye rufin gine-gine a hanyar Bakori ba?"

Folasade ta duba kwanan watan, ta ɗago da sauri.

"Ikon Allah," in ji Insifekta. "Iska ta yi ɓarna a hanyar Bakori, mutumin Legas ya ji jiki. Malama, wannan baƙon naku a bayan gari yake. Da janareton wani inji yake aiki. A tashi aiki da magariba a kashe, a tafi Juma'a a kashe. Wa ya iya haɗa irin akwatin nan a Funtua?"

"Kamalu mai sola. Shi ya haɗa namu."

Sun sami Kamalu a rumfarsa yana kwance wata inbata. Saurayi ne mai yawan fara'a, amma da ya ga kaki sai fara'ar ta tsaya a rabi.

"Akwati nawa irin na Alhaji Kadiri ka taɓa haɗawa?"

"Ɗaya tak, yallaɓai. Wa ma ya san wannan harka a nan?"

Kofur Barakatu ta duƙa ƙarƙashin teburin, ta jawo wasu kwalayen na'urar guda biyu iri ɗaya da yake zuba kusoshi a ciki, ta dire su a gabansa.

"Akwati ɗaya, kwali biyu," Insifekta ya ce. "Na biyun tagwayensa aka haifa?"

Kamalu ya yi tsuru-tsuru. Gumi ya keto masa.

"Na haɗa wa wani," ya ce ƙasa-ƙasa. "Tun kafin kaka. Ya ce yana so ya sayi wake ba tare da an san shi ne ba, don kada a ɗaga masa farashi."

"Ranar jana'iza kuma?"

"Da yamma ya kira ni. Ya ce in mayar da na'urar yadda take tun farko in rufe hanyar."

"Kuma ka san abin da hakan ke nufi."

Kamalu ya kawar da kai gefe.

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani. Ni ma na taɓa gaya masa a hira cewa in ɗayan akwatin ya yi mako a kashe, ba mai ƙaryatawa."

"Waye?"

"Yallaɓai, ya sa na dafa Alƙur'ani ba zan faɗi sunansa ba. Ku rufe ni, amma ba zan iya ba."

Insifekta ya bugi teburin har kusoshin suka yi tsalle. "Ji wani tsoron Allah! Ka iya cin gumin manoma, ka iya shafa wa mamaci baƙin jini, amma rantsuwa ce ba ka iya karyawa. Riƙe sunan, ka ji? Zan samo abina. Kofur, sa shi a mota."

Daga nan suka wuce gidan rasuwa. A ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa, amma 'yan tsofaffi biyu ne kawai a zaune. Tun da maganar ta fita, masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa.

Hajiya Fathia, matar marigayin, tana takaba, don haka Kofur Barakatu ce ta shiga ɗakin. Insifekta ya tsaya bakin ƙofa bayan labule ya yi ta'aziyya.

"Hajiya, makullan Alhaji suna wurinki?"

"Suna nan, yallaɓai."

"A ina suke ranar da ya rasu?"

"A aljihun rigarsa. Da ita aka kai shi asibiti, da ita aka dawo da shi."

"Yaushe suka zo hannunki?"

"Bayan isha'i. Alhaji Maharazu ne ya aiko mini da su. Ai shi ya yi masa wanka. Allah ya saka wa mutumin nan da alheri. Amini ke nan. Ya ce ba wanda zai taɓa jikin Kadiri sai shi da liman."

Kofur Barakatu ta leƙo ta labule, suka haɗa ido da Insifekta.

"Kuma bai tsaya nan ba," Hajiya ta ci gaba. "A ranar ya ɗauko mana hayar bas, ya biya kuɗin, wai mu tafi gida Offa mu yi addu'ar kwana takwas cikin dangi, yadda ake yi a can. Ya zo ya sake zuwa yana lallashi. Wannan yarinyar ce ta kafe."

"Wane gida?" Folasade ta ce daga tsakar gida. "Sau biyu na taɓa zuwa Offa a rayuwata. Baba a unguwar nan aka haife shi, a nan aka binne kakana. Na ce masa, Baba Alhaji, in muka tafi, wa masu gaisuwa za su tarar? Sai ya ce ai kowa ya san ku da can."

Ta yi maganar ne kawai don haushi. Sai da ta rufe baki sannan ta ji abin da ta faɗa. Ta nemi bango ta jingina.

"Malama," Insifekta ya ce a hankali, "Alhaji Maharazu yana da inji?"

"Yana da injin casa da sito." Ta miƙe daga jikin bangon. "A hanyar Bakori."

Samun takardar izinin bincike daga kotu ya cinye sauran yinin. Da hantsin washegari motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar siton. Insifekta ya aika an kira Ɗanasabe da wasu manoma su zama shaida, kuma sun zo a fusace, suna zaton ɓata musu lokaci za a yi.

Alhaji Maharazu ya tarbe su da murmushi. Rufin siton sabo ne fil, kwanon sai ƙyalli yake.

"An yi gyara, Alhaji," in ji Insifekta.

"Iskar watan jiya ce ta yi mana ɓarna."

"Allah ya mayar da alheri. Ranar jana'izar amininka, da wa ka tafi maƙabarta?"

"Da jama'a mana."

"A ƙafa?"

"A'a, na koma ɗauko mota saboda ciwon gwiwa."

"Daga gidan zuwa maƙabarta tafiyar taba sigari ce. Masu ƙafa suka riga ka har aka fara zuba ƙasa. Ina ka biya?"

"Yallaɓai, wannan wace irin tambaya ce? Ni fa na wanke mutumin nan da hannuna."

"Na sani. Buɗe mana sito."

Da aka ja ƙofar, buhuna ne jere har kusa da rufi. Ɗanasabe ya shiga yana ƙunƙuni, sai ya tsaya cak. A jikin wani buhu akwai zanen ƙafar kaza da jan fenti.

"Wannan ai alamata ce! Wannan buhuna ne! Alhaji, ba ka ce wakenmu yana Legas ba?"

Sauran manoman suka bazu cikin siton, kowa yana kiran nasa. Ba motar da ta taɓa wuce Zariya. Duk abin da aka loda, zagayawa aka yi da shi aka jibge nan ana jiran farashi ya tashi.

"Ajiya ce," Alhaji ya ce da sauri. "Baƙon ne ya ba ni ajiya."

A ɗan ofishin da ke gefen injin, Kofur Barakatu ta ɗaga wata darduma da aka lulluɓe wani abu da ita. Ga akwati ɗan ƙarami, wayarsa ta bi bango ta nufi ɗakin janareto.

"Ga Baƙon Ikko, yallaɓai," ta ce. "Ko gajiyar hanya bai yi ba."

"Saura namu," in ji Folasade. "Wannan nasa ne."

"Ban san wani akwati ba!" Alhaji ya ce. "Ku bincika ku gani."

Insifekta ya san 'yan kasuwar hatsi. Mutum irin wannan ba ya fasa abin da yake zaton akwai kuɗi a ciki. Ya duba gefen ƙofa, ya ɗauki ƙarfen nan mai tsini da ake caka wa buhu a ga kyan hatsi. Ya fara bin layin ƙasa yana caka, ɗaya bayan ɗaya, wake yana zubowa. Ba buhunan yake kallo ba. Fuskar Alhaji yake kallo.

Layi na farko, Alhaji yana jan carbi. Na biyu, carbin ya tsaya. Da Insifekta ya isa wani buhu a lungu wanda aka ɗinke bakinsa ɗinkin 'yan koyo, ya ɗaga ƙarfen sama.

"Kar ka caka wannan!"

Insifekta ya tsaya da ƙarfen a sama.

"Don me, Alhaji? Wake ne fa."

Aka farke ɗinkin. A tsakiyar waken, cikin leda, ga akwatin ƙungiya. Folasade ta ɗauke shi da hannu biyu, ta busa ƙurar da ke jikinsa.

"Sai mun koma shago?" Insifekta ya tambaya.

"Wuta kawai yake so, da intanet ɗin wayata."

"To ku tayar da janareton Alhaji."

Aka tayar. Folasade ta zauna a kan buhu, akwatin a gefenta, waya a hannu. Na'urar sai ta bi duk abin da ya wuce tun ranar da aka kashe ta, kuma ba ta gaggawa. Manoman suka tsaya cirko-cirko. Aka yi azahar a nan bakin siton, ba wanda ya yarda ya tsaya da Alhaji sahu ɗaya. Ita ko motsi ba ta yi ba.

Can maƙwabtan suka fara hawa, kore bayan kore. Sai wayar ta yi ƙara.

"Ta gan shi," Folasade ta ce. "Ta ga tsohuwar yarjejeniyar. Ta tura shaida." Ta jira, ta sake dubawa, sannan ta miƙa wa Insifekta wayar. "Sun dawo. Duka. Har da ragowar nasa."

Alhaji Maharazu ya zame ya zauna a ƙasa cikin farar shaddarsa.

"Yanzu sai ka yi magana," in ji Insifekta. "Da ƙarfi, yadda na baya zai ji. Alhaji Kadiri ya ci kuɗin mutanen nan?"

"Bai ci ba."

"Ba su ji ba."

"Bai ci ko ƙwaya ba! Ni ne. Ni ne Baƙon Ikko. Na daɗe ina neman yadda akwatin zai yi mako a kashe, ban samu ba, yarinyar nan ba ta ɗauke ido. Sai ga rasuwa. Ni na ɗauki makullin, ni na shiga shagon."

"Wa ya fara cewa marigayi ya ci?"

"Shi ne!" Ɗanasabe ya ce. "Wallahi shi ne! Na je neman kuɗin taki ya ja ni gefe, ya ce in yi haƙuri, Kadiri ya bar baya da ƙura."

"Me ya sa ka zaɓi sunan amininka?" Insifekta ya tambaya.

Alhaji ya share fuska da hannun riga. "Na ce ai baƙi ne. Za su tafi gida, wa'adi ya cika ba kowa, surutun ya bi su can a manta. Ban zaci za su zauna ba."

"Baƙi!" Insifekta ya ji jininsa ya tafasa. "Mutumin da aka yanke wa cibiya a garin nan, kuka zauna benci ɗaya a makaranta, kuka ci a kwano ɗaya har furfura. Duk tsawon shekarun nan kallon baƙo kake masa? Allah wadaran wannan hali."

Ɗanasabe ya cire hularsa. Ƙaton mutum, ya durƙusa a gaban Folasade kamar yaro.

"Ɗiyata, na zagi ubanki a gabanki. Ban da bakin magana. Allah ya jiƙan Alhaji Kadiri, Allah ya sa ya huta."

Sauran suka amsa da amin. Folasade ta daɗe tana kallonsa kafin ita ma ta ce amin.

Sannan ta tashi ta je gaban Alhaji Maharazu ta tsaya.

"Baba Alhaji, tambaya ɗaya zan yi maka. Lokacin da ka ɗauki makullin, ka gama yi masa wankan ko ba ka gama ba?"

Bai ɗago ba. "Wajen tuɓe masa riga na ji shi a aljihu."

"Wato ba ka fara ba."

"Ban fara ba."

"Ka sa shi a naka aljihun. Sannan ka yi bisimilla ka wanke babana."

Wani tsoho cikin manoman ya juya ya fita yana salati.

Insifekta ya yi wa Kofur Barakatu nuni da kai. Ta ciro ankwa, ta kama hannayen nan biyu na Alhaji ta haɗa su ta datse, ta tasa shi gaba har mota inda aka tura shi ciki. Da ta rufe ƙofar, sai ta ce wa direba ya dakata. Ta koma bakin siton, ta ɗauki buta, ta tsuguna ta wanke hannunta har gwiwa.